Yadda Ake Kiwon 'Yar Mesa Mai Launi a Legas

Ranar da na shigo da ita gidanmu a Agege cikin 'yar jakar yadi, Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kai yanzu ga tantabara, ga zomo, ga aku, duk ba su yi maka ba sai maciji?" Na kwance bakin jakar na nuna mata. Abin da ta gani dunƙule ne kamar curin fura, rawaya da ruwan toka-toka, an cusa kai a tsakiya an ɓoye. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, in dai ka ɗauko ta, haƙƙinta yana wuyanka." A kan wannan magana tata nake tafiya har yau.

Wannan ƙaramar mesa ce da masana ke kira Python regius. Ba ta da dafi. Idan ta tsorata ba ta cika kai sara ba, sai ta naɗe jikinta ta ɓoye kai. Babbarta ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba, mace ta fi namiji girma, jaririya kuwa takan fito daga ƙwai da tsawon santimita 25 zuwa 40. 'Yar ƙasa ce: asalinta yammaci da tsakiyar Afirka, kuma yawancin waɗanda aka cika Turai da Amurka da su daga Ghana da Togo da Benin aka kwashe kakanninsu. A garin Wida na ƙasar Benin har ɗakin bauta gare su, a yankin Idemili na jihar Anambra kuma ba a kashe mesa. Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, yawancin bayanan da za ka gani a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta, waɗanda duk faman su shi ne yadda za su ƙirƙiro mata yanayi irin namu a cikin ɗaki. Kai kana zaune a cikin yanayin. Abin da ke kashe mesa a Legas ba sanyin ƙanƙara ba ne, kayan cikin gidajenmu ne: maganin sauro, ɓeran lungu, da zafin kwano.

Kafin ka saya

Tana iya rayuwa shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. Ka auna wannan da kyau, domin za ka iya yin aure, ka sauya gida sau uku, ka koma Arewa, tana nan. Ka nemi yardar mutanen gida da ta mai gidan haya tun kafin ka biya kuɗi. In gidan ɗaki-ɗaki kake zaune, kuna haɗa banɗaki da tsakar gida da maƙwabta, shawarata ka haƙura har ka samu wurin kanka. Ba laifinsu ba ne in sun ji tsoro; wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma da yawa daga cikinmu mun fito daga garuruwan da kububuwa ke kai mutane asibitin Kaltungo. Ta fuskar addini ma malamai suna da magana a kan ajiye maciji, don haka ka zauna da malaminka ka tambaya. Abin da babu saɓani a kai shi ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba.

Akwai kuma doka. Mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa, Nijeriya ma ta kafa doka a 1985, ta yi mata gyara a 2016, kan cinikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ce ke bibiyar lamarin. Ka tambayi mai sayarwa inda ta fito da takardun da ke nuna hakan, ka kuma bincika matsayin doka da kanka.

Kada ka sayi wadda aka kamo daga daji. Tana zuwa da kaska da tsutsar ciki, takan ƙi cin abinci wata da watanni, kuma sayenka yana ƙarfafa masu tone ramuka suna kwashe ƙwai. Ga wani haɗari mafi girma: wanda bai san maciji ba ana iya sayar masa da jaririyar babbar mesa, wadda ke wuce mita 4, ko ma ya rikita kasa da mesa, ita kuwa kasa dafinta yana kisa. Ka nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo.

Launukan nan masu ɗaukar ido gado ne, ba fenti ba. Akwai zabiya, fari da rawaya da jan ido. Akwai wadda masu kiwo ke kira Banana, irin tawa, wadda baƙaƙen ɗigo-ɗigo ke fito mata in tana girma kamar ayabar da ta nuna. Akwai Pastel mai hasken rawaya, da Piebald mai fararen fegi a jiki. Kulawarsu duka ɗaya ce, sai dai zabiya ba ta son haske mai ƙarfi. Guda ɗaya nake roƙonka ka guje wa, wadda ake kira Spider. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma kyan yana tafe da larurar jijiya da ke sa kai ya riƙa karkarwa ko murɗewa, kuma ba ta da magani. Ka sani kuma launin jaririya yakan ɗan dushe in ta manyanta.

A wurin saye, ka ɗauke ta a hannu. Jikin ya zama cike, ba ƙashin baya a tsaye kamar tsinin rufin ɗaki ba. Harshe ya riƙa fitowa akai-akai. Ka kasa kunne ko za ka ji shesheƙa ko wani fito a numfashinta, ka duba baki ko akwai kumfa ko majina, ka duba gefen ido da ƙarƙashin haɓa ko akwai ƙananan baƙaƙen ƙwari masu motsi. Sannan ka yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: sau nawa ta ci abinci, me ta ci, mai rai ko matacce? Wadda ba ta ci aƙalla sau uku ko huɗu a jere ba, ka bar ta a hannun mai ita tukuna.

Shirya mata mazauni

Ka gama shirya wurin kwana biyu ko uku kafin ta iso. Jaririya ba ta bukatar gilashi mai tsada. Robar ajiye kaya mai murfi da maƙalai, mai cin lita 20 zuwa 30, ta wadatar na watannin farko. Ka huda ƙananan ramuka da ƙusa mai zafi a gefe biyu da kan murfin, da yawa, amma kowane ya zama ƙarami sosai, ka kuma goge kaifin bakinsu. A nan Legas yawan ramukan ya fi muhimmanci fiye da yadda littattafan waje ke faɗa, domin iskarmu tana ɗauke da danshi, roba kuma tana riƙe shi. Murfin ya kulle ta kowane gefe. Duk inda kanta ya shiga, jikinta zai bi.

A makonnin farko ka shimfiɗa tsohuwar jarida ko farar takardar goge hannu, don ka riƙa ganin kashinta da ƙwari idan akwai. Daga baya kana iya komawa ɓawon kwakwa da aka daddatsa, wanda ba shi da wuyar samu tunda ga Badagiri nan kusa. Ka wanke shi, ka zuba masa tafasasshen ruwa, ka shanya. Kada ka ɗebo garin katako daga wurin kafinta, ba ka san itacen ba, ba ka san maganin gara da aka shafa masa ba. Yashi ma bai dace ba.

Maɓoya biyu dole ne, ɗaya a kowane ƙarshen robar. A daji ramukan ɓeraye da gidan gara take shiga ta yini, don haka tana son wuri matsattse mai duhu wanda bayanta zai taɓa rufinsa. Rabin ƙoƙon kwakwa da aka yanka wa ƙofa ko ƙaramin kasko a kife duk suna yi. Ka ƙara 'yan ganyen roba da reshe guda don kada wurin ya zama fili fetal. Sai kwanon ruwa mai nauyi da ba za ta kifar ba. Ruwan da kake sha shi za ka ba ta, ka sauya kullum ko bayan kwana ɗaya.

Zafi da danshi

Ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi da danshi mai lambobi, ka ajiye shi a cikin robar. Kada ka dogara da jin jikinka. Abin da ake so shi ne ɓangare ɗaya ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗayan ya tsaya tsakanin 25 da 27, ita ta zaɓi inda take so, tunda jikinta ba ya samar da ɗumin kansa. Danshi kuma kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari.

A ɗakin da ba a kunna na'urar sanyaya ɗaki, yawancin shekara Legas tana ba ka kusan wannan kyauta. Lokacin da ake bukatar ƙarin ɗumi shi ne tsakiyar damina, Yuli da Agusta, da kuma daren hunturu. Don haka ka samu 'yar shimfiɗar ɗumi ta lantarki ka sa a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na robar, daga waje, kuma lallai ka haɗa ta da na'urar da ke kashe ta in zafi ya kai inda ka saita. Ba tare da wannan na'ura ba shimfiɗar tana iya ƙona mata ciki, kuma mesa takan ci gaba da kwanciya a kan abin da ke ƙona ta. Wutarmu da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke ta ta ƙara wa wannan haɗari.

Zafi ya fi ba ni tsoro. A Fabrairu da Maris, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano yana iya zarce digiri 35 da rana, wannan kuwa yana kisa cikin ɗan lokaci. Kada robar ta zauna inda rana ke shigowa ta taga, ko na rabin awa ne. In ma'auni ya haura 33 a duk faɗin robar, ka kashe shimfiɗar, ka sauke robar kan siminti a ɗaki mafi sanyi, ka ɗora gorar ruwa mai sanyi a kan murfin. Haka nan kada ka ajiye ta a ɗakin da na'urar sanyi ke aiki dare da rana, domin sanyi da bushewar iska suna kawo ciwon numfashi. In an ɗauke wuta na kwana ɗaya ko biyu kada hankalinka ya tashi, ba abin da zai same ta.

Da damina matsalarka yawan jiƙa ce. Idan ka ga gumi a jikin robar ko shimfiɗa ta jiƙe, ka sauya ta nan take, in ba haka ba cikin mesar zai fara ja yana ruɓewa. Da hunturu kuwa, Disamba zuwa Janairu, sai ka ƙara girman kwanon ruwa ka ɗan yayyafa ruwa a gefe ɗaya.

Yanzu ga abin da ya kusa raba ni da tawa. Wata rana da magariba ƙanena ya fesa maganin sauro a ɗakin ya ja ƙofa, kamar yadda aka saba yi a kowane gida. Na dawo bayan kamar minti ashirin na same ta a waje da maɓoya, baki a ɗan buɗe, tana murɗa jiki. Na fitar da ita iska, na ɗauraye ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi, na wanke komai na sauya shimfiɗa, da safe na kai ta wurin likitan dabbobi. Allah ya sa da sauran kwana. Maganin ƙwari na fesawa, da na kunnawa mai hayaƙi, da ruwan maganin da ake yayyafawa a lungu, duka guba ne gare ta. Turaren wuta mai yawa da hayaƙin janareta ma haka. Ɗakin da take, gidan sauro za ka koma. In kiyashi ko kyankyaso sun dame ka, ka sa ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa. Kada kuma ka ɗora robar kusa da janareta ko babbar lasifika, domin ba ta da kunne a waje amma tana jin girgiza ta jikinta.

Makon farko

Ka sa ta a ciki, ka rufe, ka ƙyale ta kwana 7. Ba ɗauka, ba nuna wa abokai, ba hoto. Ruwa kawai za ka riƙa sauyawa. In ta yini a ɓoye, lafiya ke nan. Da dare take yawo.

Ciyarwa

Ɓera take ci, cikakke da gashinsa da ƙashinsa. Ba ta shan madara, ba a ba ta tsokar nama, ko ƙwai, ko ƙadangare. Kuma ina roƙonka da babbar murya, kada ka kama mata ɓeran gida ko na kwata, ko na kasuwar Mile 12 komai ƙibarsa. Wataƙila ya ci shinkafar ɓera, gubar kuma za ta bi ta cikinta. Yana ɗauke da tsutsa. Sannan ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, don haka kai da iyalinka ma kuna cikin haɗari. Fararen ɓerayen da ake kiwo a keji su ake nema. Ka tabbatar da inda za ka riƙa samunsu a kai a kai kafin ka sayi mesar, domin a nan ne mutane da yawa suke maƙalewa.

Girman ɓeran ya yi daidai da wurin da ya fi kauri a jikinta, ko kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Jaririya tana ci sau ɗaya duk kwana 5 zuwa 7. In ta shekara sai a koma kwana 7 zuwa 10, babba kuma mako biyu ko fiye.

Mataccen ɓera da aka daskarar ya fi aminci. Ka sa shi a leda ka ƙulle, ka tsoma a ruwa har ya narke gaba ɗaya, ka matsa cikinsa ka ji babu sauran tauri, sannan ka tsoma ledar a ruwa mai ɗumi sosai na 'yan mintuna. A leɓenta na sama akwai ƙananan ramuka da take gane ɗumin jiki da su, shi ya sa ɓera mai sanyi ba ya burge ta. Bayan isha'i, ka rage haske, ka riƙe shi da dogon hantsaki ka ɗan motsa shi a gaban maɓoyar. Za ta cafke, ta naɗe shi, ta lalubo kai ta fara haɗiya. Ka rufe ka ba ta wuri. Kada ka ba ta da hannu, ƙamshin ɓera da ɗumin yatsa sukan rikita ta.

Firiza a Legas sai an yi hattara. Ka sa ɓerayen a roba mai murfi daban, nesa da naman gida, kuma ka gaya wa uwargida ko Hajiya gaskiyar abin da ke ciki tun farko. Kada ka tara da yawa. Duk wanda ya narke saboda rashin wuta har ya fara wari, ka zubar. In kuwa mai rai kaɗai take karɓa, ka tsaya a kai, in minti 15 ya wuce ba ta kama ba ka cire shi, domin ɓera yana cizon mesa har ya yi mata mummunan rauni.

Bayan ta ci, kwana biyu cur ba a taɓa ta. In ta amayar, ka jira mako biyu, ka duba zafi, sannan ka ba ta ƙarami. In ta ƙi ci, ka jira mako ya zagayo. Kada ka riƙa tura mata kullum, kuma kada ka ɗura mata. Manya sukan yi watanni ba su ci ba lafiya lau, amma jaririyar da ta tsallake ci uku ko huɗu tana raguwa a sikeli, likita za a kai ta. Ka samu ƙaramin sikelin kicin mai auna giram da littafi, ka riƙa rubuta ranar ci, nauyi, da ranar saɓa. Farin abu mai kama da alli da za ka gani tare da kashinta fitsarinta ne, ba ciwo ba.

Saɓa

Jaririya tana saɓa kusan duk mako 4 zuwa 6. Launi zai dushe, ido ya koma shuɗi-shuɗi kamar an zuba madara, ta daina ci. Bayan 'yan kwanaki idon ya washe, sannan ta tuɓe. A wannan lokaci ka ɗaga danshi zuwa kashi 70 ko 80, ka bar ta. Saɓa mai kyau guda ɗaya take fita kamar safa. In ta fita gutsi-gutsi, wanda ya fi faruwa da hunturu, ka sa mesar a roba mai ramuka da tawul mai ɗumi a jiƙe na minti 20, ta goga da kanta. Ka duba ƙarshen wutsiya, saɓar da ta maƙale a nan tana shaƙe shi. Wadda ta rage a ido kuwa kada ka kai farce. Ba ta da fatar ido, wani siririn murfi ne ke kare shi, kuma cikin sauƙi ake lalata shi.

Ɗauka da tsafta

Sai ta ci sau biyu ko uku a gidanka za ka fara ɗaukarta. Ka zo ta gefe, ba ta sama ba, ka tallafo tsakiyar jiki da hannu biyu, kada ka kama kai ko wutsiya. Minti 10, sau biyu ko uku a mako. In ta dunƙule, ka riƙe ta shiru a tafin hannu, za ka ji tana sassautawa a hankali har kan ya leƙo. In ta cije ka, ƙananan haƙora ne. Kada ka fizge, ka bari ta saki, ka wanke da sabulu. Kullum ka wanke hannu kafin ɗauka da bayanta, saboda dabbobi irinta suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Kada ta shiga kicin, kada a wanke kwanonta inda ake wanke-wanke, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma kallo kawai. Ka kwashe kashi da zarar ka gani, sau ɗaya a wata ka wanke robar duka ka ɗauraye sosai.

Ka nemi likitan dabbobin da ya san masu jan ciki tun tana lafiya, domin ba kowane mai duba karnuka da kaji ya saba da su ba. Numfashi da baki buɗe, majina, ja a ciki, kumburin baki, ko yini a cikin kwanon ruwa da baƙaƙen ɗigo suna yawo a ruwan, duka na likita ne. Kada ka shafa mata kalanzir ko maganin kaskar shanu da wani zai kawo maka daga kara.

In za ka tafi gida Sallah, kada ka sa ta a motar Kano ko Sakkwato, zafin hanya da girgiza sun fi ƙarfinta. Ka ciyar da ita kwana huɗu ko biyar kafin tafiya, ka share robar, ka cika ruwa. Mako biyu babu ci ba zai cutar da mai lafiya ba. Ka bar makulli a hannun wanda ba ya tsoronta, ya riƙa leƙawa duk bayan kwana biyu ya sauya ruwa, ya karanto maka lambar ma'auni ta waya, ya danna maƙalan murfin guda huɗu ɗaya bayan ɗaya kafin ya fita. Ka kuma liƙa takarda a ƙofar ɗakin, da Hausa da Yarbanci in da hali, cewa ba a fesa maganin sauro a nan.